Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa da Aka Rufe: Misali Daga Angel Road ta Landan

A ranar Juma'a, 31 ga Mayu, 2019, jirgin fasinja ya yi tsayawarsa ta ƙarshe a tashar Angel Road da ke Edmonton, a arewacin Landan, kuma da safiyar Litinin, 3 ga Yuni, aka buɗe wata sabuwa mai suna Meridian Water kudu da ita, tazarar da ba ta wuce rabin kilomita da 'yan kai ba. Wanda ya nemi tarihin tsohuwar tashar a gurguje, layi biyu zai samu: an buɗe ta a 1840, an rufe ta a 2019. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba su bayyana yadda aka yi tashar da ta shekara 178 tana aiki, a cikin birni mai mutum kusan miliyan tara, ta wayi gari fasinjojinta na yini guda da ƙyar za su cika tarago ɗaya ko biyu ba.

Wannan bayani jagora ne ga ɗalibi, ko ɗan jarida, ko duk wani mai sha'awa da ke son rubuta tarihin irin waɗannan ƙananan tashoshi na gefen gari, waɗanda masu sammakon zuwa aiki cikin birni ke hawa jirgi a cikinsu da safe, su sauka da yamma. Na zaɓi Angel Road domin takardunta suna nan, kuma kusan duk ramin da mai bincike kan faɗa ciki akwai shi a labarinta. Abin da nake so a riƙe tun daga farko shi ne, ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo ita ce mafi sauƙin samu kuma mafi ƙarancin amfani, domin tasha takan daɗe tana jinya kafin a sanar da mutuwarta, kuma labarin jinyar shi ne ainihin aikin.

Fara da sunaye

Kafin ka buɗe kowane kundi, ka samu takarda guda ka jera duk sunayen da tashar ta taɓa amsawa, kowanne da shekarunsa a gabansa, ka ajiye ta kusa da kai har ka gama. Tashar da muke magana a kai suna uku ta yi. Lokacin da kamfanin Northern and Eastern Railway ya buɗe layinsa daga Stratford zuwa Broxbourne a ranar 15 ga Satumba, 1840, sunanta Edmonton. A 1849 aka ja reshen dogo daga nan zuwa garin Enfield, aka gina sabuwar tasha a kan reshen kusa da inda jama'ar Edmonton suke zaune, sai sabuwar ta karɓe sunan, tsohuwar ta koma Water Lane. A 1864 kuma aka mayar da ita Angel Road, sunan titin da ya bi ta wurin, wanda shi ma ya samo shi daga wani tsohon masauki da ake kira Angel. Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce, idan jaridar 1845 ta ce an yi wani abu a tashar Edmonton, tasharka ake nufi, amma idan jaridar 1855 ce ta faɗi haka, wata tasha ce dabam, kuma wanda bai lura ba zai ɗora wa tasharsa hatsari ko bikin da ba a cikinta aka yi ba. Akwai kuma tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna Angel a unguwar Islington, wadda ba abin da ya haɗa su sai suna, amma ita ce intanet ke fara kawo wa mutum idan bai rubuta sunan da cikarsa ba.

A bayan wannan takarda ka jera kamfanonin da suka riƙe tashar, domin a Birtaniya ana ajiye takardun reluwe ne da sunan kamfani, ba da sunan tasha ba. Eastern Counties Railway ya karɓi hayar layin a 1844, ya narke cikin Great Eastern Railway a 1862, shi kuma aka haɗe shi cikin London and North Eastern Railway a 1923. Gwamnati ta mayar da dogo hannunta a 1948, aka sake raba shi ga 'yan kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, kuma kamfanin Greater Anglia ne ke tafiyar da jiragen da ke tsayawa a tashar a shekarunta na ƙarshe. A babbar ma'adanar takardun gwamnati da ke unguwar Kew a Landan, kundayen tsofaffin kamfanoni suna ƙarƙashin rukunin RAIL, na zamanin mallakar gwamnati suna ƙarƙashin AN, na ma'aikatar sufuri kuma MT. Wanda ya san wannan kafin ya je ya rage wa kansa wahalar yini guda cur.

Taswira a kan taswira

Abu na biyu shi ne taswira, kuma taswira ɗaya ba ta wadatarwa, sai an samu na zamani dabam-dabam an jera su. Hukumar safiyo ta Birtaniya, Ordnance Survey, ta zana ƙasar a ma'aunin inci 25 ga kowane mil, ma'aunin da ke nuna kowane dandamali, da kowane ɗan layin da ake ajiye taragun kaya, har da rumfar mai ba jirgi hannu. Babban ɗakin karatu na ƙasar Sikotilan ya sa da yawa daga cikinsu a intanet kyauta, kuma ana iya ɗora tsohuwar taswira kusa da hoton tauraron ɗan Adam na yau a riƙa kwatantawa.

Tambaya ta farko da za ka yi wa taswira ita ce: ina gidajen mutane suke? A Edmonton amsar tana nan tun ran gini. An bi da dogo ta fadamar kogin Lea domin ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai arha, amma garin yana can yamma a kan tsohuwar hanyar da ta fita daga Landan zuwa arewa, tafiyar fiye da kilomita guda a ƙasa. Tashar ta samu wani matsayi a 1849 da ta zama mararraba, inda jiragen Enfield ke rabuwa da babban layi. Wannan matsayi bai kai shekara 25 ba, domin a 1872 Great Eastern ya buɗe miƙaƙƙen layi daga Bethnal Green ta Hackney Downs da Seven Sisters har tsakiyar Edmonton, ya kuma sa jiragen ma'aikata na asuba masu kuɗin kwabo biyu zuwa da dawowa. Unguwannin leburori suka tsiro a gefen sabon layin kamar ciyawar damina, aka bar Angel Road da fadama. Abin da ya zo ya cike fadamar daga baya masana'antu ne, irin su ma'aikatar iskar gas ta Willoughby Lane da masu ƙera murhun gas da kayan katako, wato tashar ta zama ta masu zuwa aiki wurin, ba ta masu tashi daga wurin ba. Tasha irin wannan rayuwarta tana hannun masana'antu, ranar da suka fara rufewa ita ma ta kama hanya.

Saboda haka kada ka tsaya kan tasharka kaɗai, ka nemo kishiyarta. Kusan duk ƙaramar tashar da ta mutu a gefen birni akwai wata kusa da ita da ta janye mata kasuwa, ko tasha, ko motar haya, ko sabuwar hanya. A nan kishiyar ita ce tashar da yau ake kira Edmonton Green da maƙwabciyarta Silver Street, waɗanda aka ja wa layinsu lantarki tun 1960, alhali layin kwarin Lea da Angel Road ke kai sai a 1969 ya samu. Shekara tara mutum yana ganin jirgin lantarki mai tsabta da sauri a wancan layi ta isa ta sauya masa hanyar zuwa aiki har abada.

Jadawalin jirage

Idan da za a ce in zaɓi takarda iri ɗaya tak in bar sauran, jadawali zan ɗauka, domin a nan kamfani ke faɗin abin da ke ransa game da tasha ba tare da ado ba. Kundin jadawali na Bradshaw ya fito tun daga 1839 har zuwa 1961, bayansa kuma akwai na hukumar reluwe da na kamfanonin da suka biyo. Ba a buƙatar karanta kowace shekara. Ka zaɓi shekara guda a cikin kowace goma, ka ƙara da shekarar da ke gaban kowane babban sauyi da wadda ke bayansa, sannan ka yi ƙidaya iri ɗaya a kowacce: jirgi nawa ke tsayawa a ranar aiki zuwa cikin birni, nawa ke tsayawa a dawowa, ƙarfe nawa na farko, ƙarfe nawa na ƙarshe, akwai na Asabar, akwai na Lahadi, kuma wane giɓi ne mafi tsawo a tsakiyar yini. Wannan giɓi shi ya fi komai tona asiri. Tashar da ke da jirgi goma sha biyu a yini amma duk a cunkushe da safe da yamma ta riga ta sallami mai zuwa asibiti da hantsi, da uwa mai zuwa kasuwa, da ma'aikacin dare, ta rage wa kanta mutum iri ɗaya kawai. Haka Angel Road ta ƙare: a shekarunta na ƙarshe jirage suna tsayawa ne a ranakun aiki kaɗai, da safe da yamma, babu na tsakar rana, babu na ƙarshen mako.

Ka kula da bambanci tsakanin jadawalin da ake sayar wa jama'a da wanda ma'aikata ke aiki da shi. Na biyun yana nuna har jiragen da ke wucewa ba tsayawa, da na kaya, da mintin da kowanne ke ratsa tashar, kuma da shi ne za ka gane dalilin da jadawalin jama'a ba ya faɗa. Layin da ya bi ta Angel Road dogo biyu ne kawai a wannan yanki, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma a kansu jiragen Cambridge masu sauri ke bi, sannan daga 1991 aka ƙara da na filin jirgin sama na Stansted. Duk jirgin da ya tsaya minti ɗaya a ƙaramar tasha, da rage gudunsa da sake ɗaukar gudu, yana tare wa mai sauri da ke bayansa hanya na wasu mintoci. Mai tsara jadawali da aka ba shi zaɓi tsakanin taragu cike da matafiya masu kama jirgin sama da mutum biyar a kan dandamali, an san inda zai karkata. Daga nan abin yakan zama zagaye: an rage jirage domin babu fasinja, fasinja sun ƙara raguwa domin babu jirage, sai a sake ɗauko raguwar a kafa hujja da ita. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ya riga wanne a kowane zango, kuma hanyar gane haka ita ce a ɗora shekarun jadawali kusa da shekarun alƙaluman fasinja a takarda ɗaya.

Akwai wata al'ada ta reluwen Birtaniya da ya kamata a sani a nan, domin takan ruɗa baƙo. Tun da rufe tasha a hukumance yana da doguwar ƙa'ida da kashe kuɗi, wani lokaci akan bar tasha da jirgi ɗaya tak a mako don kawai a ce ba a rufe ta ba. Tashoshin Denton da Reddish South da ke gefen Manchester sun shekara da shekaru a haka. Tashar da ke cikin jadawali ke nan ba lalle ne tana da rai ba.

Je ka ga ƙofar

Zuwa da kai ya fi aike, kuma a wannan aiki abin da za ka je gani shi ne hanyar da fasinja ke bi daga titi zuwa dandamali. A nan Angel Road ta fi ban mamaki, domin a ƙarshen rayuwarta tashar ba ta da ƙofa a kan titin da take amsa sunansa. Titin ya zama wani yanki na babbar hanyar North Circular da ta kewaye arewacin Landan, kuma da aka sake fasalinta aka faɗaɗa ta, sai aka mayar da mashigar tashar can arewa, kan gadar wani titi mai suna Conduit Lane. Mai son hawa jirgi sai ya hau wannan gada inda motoci ke wucewa a guje, ya nemo ɗan allon da ke nuna tashar, ya sauka ta matattakala, sannan ya bi wani siririn lungu mai shinge hagu da dama, dogo a gefe ɗaya, filin 'yan gwangwan da tulin tsofaffin ƙarafa a ɗaya gefen, kafin ya iso dandamalin da ba ma'aikaci ko ɗaya a kansa, gadar babbar hanya tana ruri a bisa kai. Ka ƙaddara mace ita kaɗai a wannan lungu da ƙarfe shida na yamma a watan Disamba, lokacin da duhu ya riga ya rufa tun wajen ƙarfe huɗu, ko mai keken guragu, ko mai tura jariri. Babu alƙalamin da zai bayyana ƙauracewar mutane kamar wannan lungu.

Idan ka je, ka auna tafiyar da agogo daga gida mafi kusa da kuma daga tashar bas mafi kusa, ka ƙirga matakala, ka ɗauki hoto daga inda fasinja zai tsaya yana neman hanya, ka rubuta kwanan wata a kan kowane hoto. Ka tsaya a inda doka ta yarda kawai. Shiga harabar dogo ba izini laifi ne a Birtaniya da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000, kuma rufe tasha ba rufe layi ba ne, jirage suna nan suna wucewa da gudu ƙarƙashin wayoyi masu ƙarfin bolt 25,000.

Alƙaluma

Hukumar da ke sa ido kan dogo da manyan hanyoyi, Office of Rail and Road, tana fitar da ƙiyasin masu shiga da fita kowace tasha duk shekara, daga Afrilu zuwa Maris. A shekarun 2016 zuwa 2018 adadin Angel Road yana wajen 33,000 a shekara, abin da ya sa ta zama ɗaya daga cikin tashoshin jirgin ƙasa mafiya ƙarancin fasinja a Landan, a lokacin da babbar tashar Waterloo ke da sama da miliyan 90. Kada ka kwafe adadin ka wuce, ka warware shi yadda mai karatu zai gan shi da ido. Tun da ranakun aiki kaɗai tashar ke buɗewa, wato kwana 250 ko kusa da haka, shiga da fita sun kama kamar 130 a yini, kuma tun da mai zuwa aiki yana shiga sau ɗaya ya fita sau ɗaya, mutanen ba su wuce sittin da 'yan kai ba. Ka tuna kuma ƙiyasi ne da aka gina galibi a kan tikitin da aka sayar, ba ƙidayar kawuna a bakin ƙofa ba, kuma hukumar takan gyara hanyar lissafinta lokaci zuwa lokaci, don haka tsalle ko faɗuwar shekara guda na iya zama sauyin lissafi ne kawai.

Takardun rufewa

Sai yanzu za ka zo kan rufewar kanta, kuma abu na farko shi ne ka san dokar da ke aiki a shekarar. Tasoshin da aka rufe bayan rahoton 1963 na Richard Beeching, shugaban hukumar reluwe ta Birtaniya a lokacin, wanda ya ba da shawarar rufe fiye da tasha 2,300 da mil 5,000 na dogo, sun bi dokar sufuri ta 1962, inda kwamitocin masu amfani da sufuri ke sauraron ƙorafi a kan wahalar da rufewa za ta jawo, minista kuma ya yanke hukunci. Angel Road ta tsallake wannan guguwa, kuma tsallakewar ma abin tambaya ce, domin ƙaramar tashar da ke kan babban layi mai rai takan tsira inda ta kan reshe ke mutuwa. Rufewarta ta bi dokar reluwe ta 2005 ne, wadda ta wajabta a buga sanarwa a jaridu a kuma liƙa ta a tasha, a buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a na aƙalla mako 12, sannan hukumar sa ido ta tabbatar an bi ƙa'ida. Ma'aikatar sufuri ta ji ra'ayin jama'a a rabin ƙarshe na 2018, tabbatarwar hukumar kuma ta zo a 2019.

Takarda uku za ka nema: takardar neman rufewa da hujjojinta, taƙaitaccen rahoton amsoshin jama'a, da takardar tabbatarwa. Ka karanta ta farko da sanin cewa mai son rufewa ne ya rubuta ta. A Angel Road hujjar ba a ɓoye take ba: ƙaramar hukumar Enfield tana da shirin gina gidaje 10,000 a tsoffin filayen masana'antu kudu da babbar hanya, ana shimfiɗa dogo na uku daga wajen tashar Lea Bridge da ke kudu domin jiragen da ke tsayawa su daina tare wa masu sauri hanya, kuma tasha biyu ba za su zauna kusa da juna haka ba. A ganina wannan rufewa ce mai hujja, ba kamar wasu ba, amma ko a irinta akwai wanda aka ƙara wa tafiya, wato mutumin da gidansa ko wurin aikinsa ke arewa da babbar hanya. Muryarsa tana cikin takarda ta biyu, sau da yawa a layi ɗaya ko biyu, kuma ta cancanci a nemo ta.

A nan ne kuma za ka rarrabe ranaku, domin kalmar rufewa tana ɗauke da rana fiye da ɗaya: ranar jirgin fasinja na ƙarshe, ranar da aka daina karɓar kaya, ranar da doka ta ce an rufe, da ranar da aka rushe gini. Wasu kundaye suna rubuta ranar jirgi na ƙarshe, wasu suna rubuta rana ta farko da ba jirgi, shi ya sa za ka ga littafi biyu sun saɓa da kwana ɗaya ko uku alhali duka ba su yi kuskure ba. Wani lokaci tazarar takan kai shekaru. A Norton Bridge da ke Staffordshire jirage sun daina tsayawa a 2004, aka riƙa kai mutane da bas, amma sai a Disamba 2017 aka rufe ta a hukumance. Reshen nan na 1849 da ya tashi daga Angel Road ma haka ne: jiragen fasinja na yau da kullum sun daina binsa a 1939, layin kansa kuwa sai a 1964 aka rufe shi. Duk ranar da ka rubuta, ka faɗi wace iri ce.

Bakin mutane

Takarda ba ta san sanyin dandamali ba, don haka ka nemi waɗanda suka tsaya a kansa: tsofaffin ma'aikatan masana'antu, direbobin jirgi da suka yi ritaya, da mambobin ƙungiyoyin masu sha'awar tarihin dogo irin su Great Eastern Railway Society, waɗanda sukan ajiye hotuna da tikitin da hukuma ta daɗe da zubarwa. Kada ka tambayi dattijo yadda tashar take a da, domin zai ba ka labari mai daɗi wanda ya haɗe shekara talatin wuri guda. Ka tambaye shi jirgin ƙarfe nawa yake kamawa, ta ina yake shiga, a hannun wa yake sayen tikiti, da abin da ya koma hawa ranar da ya daina zuwa, sannan ka koma ga jadawali ka nemo shekarar da amsarsa ta dace da ita. Kada ka sa sunan kowa a rubutunka sai da yardarsa.

Wanda zai gwada wannan hanya a kan ƙananan tashoshin ƙasar Hausa zai tarar da takardu masu kama da waɗannan, domin Turawan Ingila ne suka shimfiɗa dogon da ya iso Kano a 1911, kuma da tsarin ofishinsu aka riƙa rubuta rahotanninsa, wasu suna ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, wasu suna Kew cikin kundayen ofishin mulkin mallaka. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957 yana da shekarar rufewa sananniya, amma ga tashar da jirgi ya daina tsayawa a cikinta ba tare da sanarwa ba, bakin dattawan unguwar reluwe ne zai ɗauki nauyin da takarda ke ɗauka a Landan, kuma sai an ji daga mutum uku ko huɗu da ba su zauna tare ba kafin a tsayar da shekara.

Idan ka zo rubutawa, ka jera labarin bisa dalilai, ka bar shekaru su biyo su: inda aka dasa tashar, kishiyar da ta janye mata mutane, jiragen da aka zare, ƙofar da aka kawar, sannan sanarwa. Ka rufe da bayanin halin da wurin yake ciki a ranar da ka je, da kwanan watan ziyarar, ka faɗi abin da ya rage na dandamali da gada da ko an gina wani abu a filin, domin mai bincike na gaba zai buƙaci wannan fiye da yadda kake zato. A kan wannan layi dai, tasha kaɗan kudu da Angel Road, an rufe Lea Bridge a 1985, ciyawa ta cinye dandamalinta shekara talatin, sannan a watan Mayu na 2016 aka sake buɗe ta, kuma jiragen da suka fara zirga-zirga tsakanin Stratford da Meridian Water a Satumba 2019 suna tsayawa a cikinta.